Kashi na Ukun Mafarki: Nazari kan Maganin Firgitar Dare a Ƙasar Bande

A ƙasar Bande, kan hanyar Damagaram zuwa Magariya, wanda ya kurma ihu cikin barci ba ya rasa mai agaji. Kafin ya wartsake an ce masa ya yi a'uziyya, ya tofa ta hagu sau uku, ya juya kwanciya, kuma kada ya ba kowa labari. In abin ya sake, gari na wayewa sai zauren malam. Malam ya jawo allo, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya rubuta Falaƙi da Nasi ƙafa kaza, a wanke a ƙwarya, a sha, a shafe jiki da saura. Tsohuwa ta turara ɗaki, wata ta cusa wuƙa ƙarƙashin matashi. In duk bai ci ba, sai zancen iska ko maye ya taso, a kira mai ruƙiya, ko a lallaɓa wurin ƴan bori ba a faɗa ba.

Wannan tsari ba abin rainawa ba ne. Wanda ya farka zuciya na dukan uku-uku yana bukatar abin yi nan take, kuma tofi da karatu suna ba shi, numfashi ya daidaita, jiki ya saki. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sahabi Abu Ƙatada kansa mafarki na sa shi ciwo kafin ya koyi wannan ladabi. Ga dannau ma yana aiki, domin dannau farkawar ƙwaƙwalwa ce kafin gaɓoɓi su farka, kuma tsoro ne ke ƙara masa nauyi.

Inda nake ganin giɓi daban ne. Hadisin Abu Huraira ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da rai ke zantawa da kansa. A aikace biyun farko kaɗai muka riƙe. Mai kyau a kai wa mai fassara ya buɗe littafin nan da ake jingina wa Ibn Sirin, mummuna a nemi tsari. Na ukun ba shi da zaure, alhali nan ne mazaunin mafarkin da ke dawowa dare bayan dare da fuska ɗaya da jini ɗaya.

Kuma idanun mutanen wannan yanki sun ga abin gani. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, akasari mata da yara daga wajen Kance, maƙwabtan Magariya, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A Satumban 2018 ƙungiyar likitocin MSF ta ce yara kusan goma ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magariya, saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Uwar da ta kwana a wannan ɗaki ta koma ƙauye da zanen goyo a hannu, an ce mata sai haƙuri, ta amsa da alhamdulillahi, sauran kuma sai dare ya yi. Haka ɗan ci-ranin da ya sha ɗauri a Libiya, haka sojan da ya dawo daga Difa bayan hare-haren Boko Haram da suka soma a 2015. Wannan ba iska ba ce ta shigo daga waje. Abin da aka haɗiye da rana ne ke tasowa.

Nan shirun ya zama matsala. An hana yaɗa mummunan mafarki, ba a hana faɗin abin da ya sami mutum ido biyu ba. Kunya da jin kai namiji ne suka haɗe biyun, har magidanci ya gwammace a ce aljani ya shafe shi da a ce tsoro yake ji. Kalmar taɓin hankali kuwa, ko ƴarsa tana iya hana wa miji.

Amma kashi na ukun ma yana da magani. A Amurka, wani likita mai suna Barry Krakow ya wallafa bincike a 2001 kan matan da aka yi wa fyaɗe: an koya musu su zauna da rana su sauya tafiyar mafarkin yadda suke so, su riƙa bitar sabon a zuci na ƴan mintoci kullum, sai mafarkan suka ragu. Ba allura, ba ƙwaya, ba abin da ya saɓa wa addini. Malamin zaure, wanda shi ne ake fara zuwa wurinsa, zai iya koyar da wannan dabara tare da rubutun sha.

Akwai kuma abin da allo ba ya wankewa. Saurayin da ya raba dare a fada yana shan shayi mai kauri kofi uku, ya ɗora tramol don ƙarfin noma, ya kwanta yana kallon bidiyon yanka a waya, ba maye ne ke binsa ba. Tramol kan dagula barci, kuma daina shi farat ɗaya kan kawo gumi da firgita, shi ya sa rage shi ke bukatar ma'aikacin lafiya. Malamai kaɗan ne ke tambayar abin da mutum ya sha ko inda ya dawo kafin su tsoma alƙalami.