Yaro A Hannun Wa? Sharhi A Kan Ruwayar Dakta Walter Miller Game Da Aikin Mishan A Zazzau

Gabatarwa

Daga cikin abin da Turawan mishan suka rubuta a kan ƙasar Hausa, kaɗan ne ya kai rubutun Dakta Walter Miller (1872–1952) tasiri. Likita ne na ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato CMS, ya yi kimanin shekara talatin yana aiki a ƙasar Zazzau, kuma shi ne jigon fassarar Baibul zuwa Hausa wadda ta fito a 1932. A 1936 ya wallafa tarihin aikinsa mai suna Reflections of a Pioneer, wanda masu nazari suke komawa gare shi har yau. Ɗaliban addini sukan yi wa irin wannan littafi ɗayan abu biyu: ko su jefar da shi da sunan rubutun abokin gāba, ko su kwashi labarinsa kamar ingantacciyar ruwaya. Ƙa'idar malaman Hadisi ta fi dacewa da shi, a san halin mai ruwaya da manufarsa, sannan a auna abin da ya ruwaito. Idan aka yi haka, za a ga cewa ginshiƙin labarin Miller shi ne yaron da ya rasa mai riƙonsa.

Mai ruwaya da idon da ya duba da shi

Miller ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya. A 1900 ya bi ayarin Bishop Herbert Tugwell zuwa Kano, inda Sarki Alu ya umarce su da su bar garin, suka koma Girku suka zauna. A 1905 ya samu shiga birnin Zariya, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Ƙarfin ruwayarsa ya fito daga nan: ya iya harshen, ya yi wa marasa lafiya magani da hannunsa, ya zauna cikin ganuwa a lokacin da jami'an mulki suke zaune a bariki.

Rauninta kuma a fili yake. Miller ya ɗauka cewa Musuluncin Hausawa abu ne da Fulani suka ɗora musu da takobi, kuma da zarar an sassauta ikon sarakuna talakawa za su watsar da shi. Wannan zato ya hana shi fahimtar cewa Musulunci ya kafu a Kano da Katsina ƙarnoni kafin jihadin 1804. Saboda haka da amfanin gonarsa ya yi ƙaranci, sai ya ɗora laifin a kan gwamnatin mulkin mallaka da tsarinta na mulki ta hannun sarakuna, bai tsaya ya tambayi kansa ko mutanen sun ji saƙon sun ƙi shi bisa sani ba. Haka nan labarin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, waɗanda wasunsu suka zo wurinsa a 1913: Miller ya bayar da shi kamar mutanen Kiristoci ne da suke jiran mai bushara, alhali saɓaninsu ya taso ne daga cikin karatun Alƙur'ani. Tun da yawancin abin da aka fara sani game da su ta alƙalaminsa ya biyo, wajibi ne a karanta shi da taka-tsantsan.

Madubi daga Amurka

Domin a gane abin da Miller yake nema daga gwamnati, yana da amfani a dubi wurin da 'yan mishan suka samu abin da shi ya rasa. Cheyenne ƙabila ce ta 'yan asalin Amurka, mafarauta ɓauna. A 1864 sojoji suka kashe musu fiye da mutum ɗari a Sand Creek, galibi mata da yara, ƙarƙashin jagorancin John Chivington, wanda limamin cocin Methodist ne. Bayan an ci su da yaƙi an tsare su a keɓaɓɓun yankuna, sai gwamnati ta ɗauki manufar narkar da su cikin al'adar Turawa. A 1879 Richard Pratt ya buɗe makarantar kwana ta Carlisle, inda ake aske gashin yara, a sauya musu suna da tufafi, a hana su magana da harshensu. A 1883 aka kafa dokar da ta haramta manyan bukukuwan ibadarsu, a 1887 kuma dokar Dawes ta yanyanka ƙasarsu ta gandu zuwa filayen ɗaiɗaikun mutane.

A cikin wannan yanayi Rodolphe Petter, ɗan mishan na cocin Mennonite daga Suwizalan, ya iso wurinsu a 1891. Kamanninsa da Miller abin lura ne. Shi ma ya duƙufa a kan harshen mutanen, ya kammala ƙamusunsa a 1915, ya fitar da Sabon Alkawari da harshen Cheyenne a 1934, shekara biyu bayan Baibul na Hausa. Shi ma ya tsufa a cikinsu, kuma duk da haka ya yi tsayin daka wajen yaƙar ibadunsu. Darasin farko ke nan: hidimar da mutum ya yi wa harshen wata al'umma ba ta zama hujjar cewa yana girmama abin da suka yi imani da shi. Ana iya kiyaye ƙwarya a zubar da abin da ke cikinta.

Inda hanyoyin suka rabu

A 1906 Miller ya gabatar wa Lugga shawarar buɗe makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna a ƙarƙashin mishan. Lugga ya nuna amincewa, amma Girouard da ya gaje shi bai yarda ba, aka miƙa al'amarin ilmin boko ga Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909. Masu tarihi da yawa suna danganta wannan ga alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 na cewa ba za a taɓa addini ba. Bayanin bai cika ba. Turawan Amurka ma sun ƙulla yarjejeniyoyi da Cheyenne suka warware su. Abin da ya sa alkawarin Sakkwato ya yi nauyi shi ne abin da Turawa suka tarar: dubban makarantun allo da na ilmi, alƙalai masu hukunci da littattafan Malikiyya, rubutun Larabci da ajami, da tsoron tawaye irin na Satiru a 1906. Yaron Bahaushe yana da malami da allo da dangi, saboda haka raba shi da su yana da tsada.

Wannan ya bayyana ko su wane ne suka shiga hannun mishan. Almajirin Miller na farko, Abdulmajid Tafida, yaro ne da mahaifinsa ya rasu a hanyar hajji. Bayansa akwai yaran da aka 'yanta daga bauta, da marayun Gimi, ƙauyen da aka kafa wa Isawa wanda ciwon barci ya tarwatsa cikin 'yan shekaru. A ƙarshen shekarun 1930 kuma aka danƙa wa mishan na SIM kula da kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Ƙofar da mishan ya bi ita ce wadda al'umma ta bari a buɗe.

Abin da ya faɗa daidai

Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai Musulmi ga barin adalci. Kukan da Miller ya yi a kan zaluncin wasu masu sarauta, da wahalar haraji, da halin da bayi suke ciki, yana da tushe, kuma Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu sun riga shi sukar irin waɗannan halaye. Gaskiya ne cewa ƙarar da ya yi ta kaiwa a kan Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aka tuɓe aka kai Lakwaja, ta gauraya da ƙiyayyar da ke tsakaninsu, amma garwayuwar niyya ba ta mayar da kowace shaida ƙarya. Haka nan ba a musun cewa ƙaramar makarantarsa ta zama tushen al'ummar da ta fitar da Dakta R. A. B. Dikko, likitan Arewa na farko, da Farfesa Ishaya Audu. Wanda ya ɓoye wannan ya yi wa tarihi abin da ake zargin Miller da shi.

Kammalawa

Reflections of a Pioneer shaida ce mai daraja a kan abin da marubucinsa ya gani da ido, mai rauni a kan abin da ya fassara. Amfaninsa mafi girma ga mai karatu Musulmi shi ne tambayar da ya bari ba da niyya ba: idan yaro ya rasa mai riƙonsa, wa yake fara isa gare shi? Tambayar tana nan da ranta. A Dogon Dawa da sauran garuruwan Birnin Gwari, hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun tayar da ƙauyuka, sun rufe makarantu, sun bar marayu masu yawa. Masu neman waɗannan yara a yau sun haɗa da na cikin daji masu ɗauke da makami da gurɓatacciyar aƙida. Al'ummar da ta tsira da addininta a zamanin Turawa saboda ƙarfin makarantunta ba za ta tsira da rubuta raddi kaɗai ba. Zakka da waƙafi da kafalar maraya su ne amsar da Shari'a ta tanada, kuma aiwatar da su a irin waɗannan wurare shi ne sharhi mafi inganci a kan littafin Miller. Allah ne Mafi sani.