Gwanin Tayar da Gem

Kwamfutar farko da ta shiga gidaje a Kudan da Hunkuyi ba irin ta ofis ba ce. 'Yar na'urar roba ce da ake sayowa a Sabon Garin Zariya ko Kano, kwaikwayon Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Wasu har da allon buga rubutu suke zuwa, amma yara gem kawai suke ce mata. In kuɗin rake ya shigo, sayenta ba wuya. Tayar da ita ce sai gwani.

Yakan zare eriyar talabijin ya soka wayar gem a gurbinta, ya riƙa murɗa abin neman tasha a hankali yana kasa kunne, domin sau da yawa kiɗan wasan Mario kan riga hoto fitowa. In hoton ya zo a yamutse, mai gaggawa sai ya hura kaset, ya bubbuga, ya koma gefe yana tsaki. Shi kuwa gwani ya san danshin baki ƙara lalata ƙarfe yake yi. Sai ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma a sifirit, ya bi haƙoran kaset, wato siraran ƙarafa 60 da ke haɗa shi da na'urar, 30 a kowane gefe. Yana gogewa yana sauya auduga har ta daina yin baƙi. Ya bari ya bushe, sannan ya zura shi a miƙe, ba karkacewa.

In maɓallin tsalle ya mutu, ya kwance abin riƙewar, ya goga bakin fensir a kan baƙin ɗigon da ke ƙarƙashin robar, saboda bakin fensir yana ɗaukar lantarki. Ba a aji ya koyi wannan ba.

Bindigar gem ta wasan harbin agwagwa ce ta fi burge ni. Ba ta fitar da komai. Ido ne a cikinta. Da an ja kunama sai fuskar talabijin ta yi baƙi na ƙiftawar ido, farin tabo ya bayyana inda agwagwar take, in bindigar ta hango shi, harbi ya ci. Shi ya sa gwani yakan sa a saki labule, ya juya talabijin daga hasken taga kafin a fara.

Duk mai wannan bindiga a ajiye, kada ya rabu da tsohuwar talabijin mai ƙeya, domin a kan shafaffiya ta zamani agwagwa ba ta faɗuwa.