Digiri a Hannu, Hannu Bai San Alli Ba

Ba don in ɓata wa kowa rai ba, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ni ma ban cire kaina daga ciki ba.

Mu da muke digirin farko a nan Malesiya, da yawanmu aji ne zai fara karɓar mu idan mun koma gida, domin hidimar ƙasa ta saba jefa mutum makaranta ko injiniya ya karanta. Ɗalibin NCE a Zariya ko Gumel ba ya kammalawa sai ya fita koyarwar gwaji, malami na zaune a bayan aji yana rubuta kurakuransa. Mu fa? Sai dai a miƙa mana alli ranar Litinin a ce bismilla. A 2017, da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi, muka yi ta dariya a WhatsApp. To, mu za mu ci waccan jarrabawar, amma wa a cikinmu zai iya fahimtar da ɗan aji huɗu abin da ke cikinta?

Da ka tayar da zancen sai a ce doka ta hana. Da ƙamshin gaskiya a ciki: ɗalibin waje awa 20 a mako aka yarje masa ya yi aiki, a lokacin hutu, kuma a gidan abinci, otal, gidan mai ko ƙaramin kanti. Koyarwa don kuɗi ba ta ciki. Amma wa ya ce sai an biya ka?

Duk Asabar muna Bukit Bintang. Wani yana Low Yat yana cinikin waya, wani yana Pavilion yana ɗaukar hoton da zai tura gida. Tafiyar 'yan mintoci daga nan, ta wajen Imbi da Pudu, akwai ɗakuna a saman shaguna inda 'ya'yan 'yan gudun hijira daga Myanmar ke karatu. Malesiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, yaran nan ba su da gurbi a makarantun gwamnati, sai iyayensu da 'yan sa kai suka haɗa abin da ya samu.

Na shiga ɗaya daga ciki bayan na nemi shawarar ofishin ɗaliban waje na makarantarmu. Ranar farko lissafin rabi da kwata na koyar. Na yi minti 40 ina zuba, allo ya cika, ina jin kaina farfesa. Da na ce wa ya gane, duk suka ɗaga hannu, saboda ladabi ne kawai. Da na duba littattafansu, yara biyu ne suka yi daidai. Mako na gaba lemo na sayo na yanka a gabansu, sai ga abin ya fara shiga. Wallahi babu laccar da ta taɓa nuna mini jahilcina kamar wannan safiya.

Sai dai a nan ma akwai abin faɗa, kuma shi ya fi ba ni kunya. Wasunmu na zuwa mako uku, su ɗauki hoto da yaran, su karɓi takardar shaida, su ɓace. Ni kaina da jarrabawa ta matso na yi wata guda ban leƙa ba, ko sallama ban yi ba. Da na dawo, wata yarinya ta tambaye ni ko ni ma an ba ni ƙasa ne na tafi. A saninta, malami yana ɓacewa ne idan an kama shi ko an kai shi Amurka.

Shugabar wurin ba ta yi mini faɗa ba. Takarda ta miƙo mini ta ce in rubuta Asabar nawa zan iya kafin ƙarshen shekara, in kuwa ba su kai 20 ba, in bar ajin ga wani. Na rubuta 22, kuma zuwa yau na yi 9.