Ben Hogan da Gwanintar Riƙon Sandar Golf

A shekarar 1957 Ben Hogan ya fitar da littafinsa na koyar da wasan golf, Five Lessons, wanda har yau ake sake bugawa. Mutumin da ya lashe manyan gasannin duniya sau tara ne, saboda haka jama'a suka zaci da sirrin murɗa ƙugu ko na cilla ƙwallo nesa zai fara. Sai ya ware darasin farko kacokan ga yadda ake riƙe sanda, har ya shawarci mai koyo ya ɗauki mako guda yana ba riƙo kaɗai minti 30 a kullum. Duk wanda ya taɓa ɗaukar sandar golf ya san irin haƙurin da wannan shawara ke nema, domin zuciya bugu take so, ba zaman lailaya ƙota ba.

Amma Hogan yana da hujja. A duk ilahirin jikin ɗan wasa, hannuwa kaɗai ke taɓa sanda. Ƙafa na iya tsayawa daidai, kafaɗa ta juya yadda ya kamata, amma abin da ke haɗuwa da ƙwallo shi ne fuskar sandar, kuma hannuwa ne ke ƙayyade inda fuskar ke kallo. Kan sandar ƙwararren ɗan wasa yana isa ga ƙwallo da gudun kusan kilomita 180 a sa'a, haɗuwar tasu kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Babu wanda zai iya gyara komai a cikin wannan lokaci. Idan ƙwallo ta kauce da digiri biyu kacal tun daga tashinta, kafin ta yi tafiyar mita 200 ta bar hanya da kusan mita 7, wannan ma ba a haɗa da lanƙwasar da za ta yi a iska ba. Hukuncin bugu tun kafin a ɗaga sanda aka yanke rabinsa.

Hogan bai koyi wannan a littafi ba. An haife shi a Texas a 1912, yana ɗan shekara 11 ya fara ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin Glen Garden da ke Fort Worth. Ba shi da girman jiki, kuma bugun da ya taso da shi irin wanda ƙwallo ke fita ƙasa-ƙasa ta karkata hagu ne. Irin wannan bugu yana da daɗi a busasshiyar ƙasa, don ƙwallo takan yi ta gangarawa bayan ta sauka. Masu wasa a filayen Kano da Kaduna lokacin rani sun san haka. Matsalar ita ce irin wannan bugu ba ya jin magana. Ranar da hankali ya tashi, ranar da ake buƙatar bugu mai tsabta, sai karkatar ta yi yawa ƙwallo ta afka daji. Hogan ya zama ƙwararren ɗan wasa a 1930, amma sai a 1940 ya fara cin gasa shi kaɗai, kuma a tsakani ya sha komawa gida aljihu wayam. Babbar gasarsa ta farko, ta PGA, sai a 1946 ya same ta, yana da shekara 34.

Gyaran da ya yi a waɗannan shekaru ƙarami ne ƙwarai a ido. Ya ɗan murɗa hannunsa na hagu zuwa hagu a kan ƙota, yadda babban yatsa ya hau saman sanda sosai, sannan ya riƙa lanƙwasa wuyan hannun ta baya idan sanda ta kai ƙololuwa. Da wannan, komai ƙarfin da ya sa, fuskar sanda ba ta rufewa da wuri, ƙwallo ta koma fita sama tana ɗan jingina dama ta sauka a hankali. A Fabrairun 1949 motarsa ta yi karo da bas, ya karye a ƙugu da wasu wurare, amma ya dawo ya ci gasar US Open ta 1950 a Merion. A 1953 ya lashe Masters da US Open da kuma gasar Open ta Birtaniya a Carnoustie, duk a shekara guda. Ƙafafunsa ba su sake komawa yadda suke ba, amma hannuwan sun riƙe abin da suka koya.

Yana da kyau a dubi riƙon nan kusa-kusa, domin akwai kyan tsari a cikinsa. Ɗauki mai wasa da dama. Hannun hagu ke fara kamawa, yana sama. Ƙota ba ta kwanciya a tsakiyar tafi yadda ake damƙe sandar kiwo. Tana ratsawa a karkace, daga gaɓar farko ta manuniya zuwa ƙarƙashin tudun naman da ke gindin tafi, ta ɓangaren ƙaramin yatsa. Idan ta zauna daidai, mutum zai iya ɗaga sandar da manuniya da wannan tudun kaɗai, sauran yatsu a buɗe, kuma ba za ta faɗi ba. Daga nan sai a rufe hannu, ƙarfin riƙon ya tattara a yatsu uku na ƙarshe. Hannun dama kuwa a yatsu yake ɗaukar sanda, musamman biyun tsakiya, sannan tafinsa ya lulluɓe babban yatsan hagu har ya ɓace. Babban yatsa da manuniyar dama su ne 'yan rigima. Su ne muka saba aiki da su tun muna yara, kuma da zarar sun matse ƙota sai dantse da kafaɗar dama su ƙwace bugun. Shi ya sa Hogan ya ba da shawarar a riƙa gwaji an ɗage su gaba ɗaya daga kan sanda, har sauran yatsun su san aikinsu.

Wurin haɗa hannuwan biyu hanya uku ce. Akwai ta Harry Vardon, ɗan tsibirin Jersey da ya ci gasar Open sau shida tsakanin 1896 da 1914, inda ƙaramin yatsan dama ke hawa kan hannun hagu. Johnny Laidlay ɗan Sikotilan ya riga shi amfani da ita, amma sunan Vardon ta ɗauka. Akwai ta saƙa ƙaramin yatsan dama da manuniyar hagu, wadda Jack Nicklaus da Tiger Woods suke bi. Akwai kuma ta ɗora yatsu goma duka, wadda ke yi wa yara da masu raunin hannu sauƙi. A ganina ana ɓata lokaci da yawa wajen gardama a kan waɗannan ukun, alhali abin da ya fi tasiri shi ne yadda aka murɗa hannuwan a kan ƙota.

Mai koyo zai iya auna wannan da idonsa. Ya tsaya kamar zai buga, ya dubi bayan hannunsa na hagu. Idan gaɓoɓi biyu zuwa uku yake gani, kuma tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya tana nuni tsakanin haɓarsa da kafaɗar dama, to yana tsaka-tsaki. Idan ɗaya kawai yake gani, fuskar sanda za ta so zuwa a buɗe, ƙwallo ta tsere dama. Idan huɗu ne, za ta so rufewa. Safar hannu ma tana ba da shaida: wadda ke yawan hujewa a gindin tafi tana nuna sanda na zamewa a hannu. Batun matsi kuwa, ana danganta wa ɗan wasa Sam Snead cewa a riƙe sanda kamar ɗan tsuntsu, kada ya tashi kuma kada a shaƙe shi.

Duk wannan za a iya bayyana shi cikin minti goma. Inda gwanintar take shi ne a jure wa abin da ke biyo baya. Sabon riƙo, ko da shi ne daidai, a hannu ji ake kamar kuskure ne. Sanda takan zama baƙuwa, bugu ya ƙara lalacewa na ɗan lokaci, domin jiki ya shekara yana ƙirƙirar dabarun rufe aibin tsohon riƙo, kuma dabarun ba sa ɓacewa rana ɗaya. A nan ne mafi yawan mutane ke karaya. Su yi bugu biyar marasa kyau a gaban abokai, kafin su ankara babban yatsa ya koma gidansa na dā. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma a hannu ya fi ko'ina kafuwa. Masu cin nasara sukan raba gyaran da filin wasa tukuna. Su ajiye sanda a falo, su ɗauka su haɗa riƙo a gaban madubi, su saki, su sake haɗawa daga farko, domin haɗawar ita ake koyo. Bayan haka su fara da gajeren bugu da ƙaramar sanda, rabin ɗagawa, suna sake riƙo kafin kowace ƙwallo, har sai hannu ya daina neman tsohon wuri. Sai a ƙarshe ake zuwa ga doguwar sanda.

Akwai abin da ya kamata masu son Hogan su sani, kuma ni ina cikinsu. Riƙonsa magani ne na cutarsa shi. Yawancin masu koyo ƙwallonsu dama take gudu, ba hagu ba, kuma idan suka kwafi riƙonsa sak sai matsalarsu ta ninku. Su akasin gyaransa suke buƙata, wato su murɗa hannu zuwa dama su ƙara ganin gaɓa. Lee Trevino, wanda ya ci manyan gasanni shida, hannunsa na hagu a murɗe yake zuwa dama sosai, kuma ya gina bugun da ya dace da hakan. Abin ɗauka a wajen Hogan shi ne yadda ya karanta tafiyar ƙwallonsa a iska, ya bi sawunta baya har zuwa yatsunsa.

Kuma gyaran ba ya ƙarewa, don riƙo yana zamewa a hankali ba tare da mai shi ya sani ba. Nicklaus, wanda ya tara manyan gasanni 18, a zamanin da yake wasa, a farkon kowace kakar wasa yakan koma wurin Jack Grout, malamin da ya fara koya masa tun yana ɗan shekara 10, su sake bin tushen wasan tun daga riƙo da tsayuwa kafin ya shiga gasa.