Makaɗi Tsakanin Dandalin Rawa da Zauren Saurare: Nazari a kan Sana'ar Astor Piazzolla

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba rayuwar sana'a ta Astor Piazzolla (1921–1992), makaɗin tango na ƙasar Ajantina, domin a auna wani labari da ya zama ruwan dare a bakin masu rubutu a kansa. Labarin shi ne wai tango kiɗan gidajen rawa ne kawai, mara daraja, har sai da wannan mutum ya je Faris ya sha ilmin kiɗan Turai, ya dawo ya ɗaukaka shi. Maƙalar tana ganin wannan labari ya tauye gaskiya ta fuska biyu: ya rage wa makaɗan tango haƙƙinsu, sannan ya sa ana yaba wa Piazzolla a wurin da ƙarfinsa bai kai ba, ana barin wurin da ya yi fice. Batun ya shafi duk mai nazarin makaɗa, domin tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce: wa ke ciyar da makaɗi, kuma wa ke da ikon yanke masa hukunci?

2.0 Hanyoyi Biyu na Cin Abinci da Kiɗa

Kiɗan kilasika, wato kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda a kuma kaɗa shi yadda aka rubuta, ya daɗe a hannun sarakuna da majami'u. Joseph Haydn ya yi wa gidan sarautar Esterhazy aiki daga 1761 zuwa 1790, yana sa kayan barorin gidan, yana tsara abin da ubangidansa ya nema. Mozart kuwa ya bar hidimar babban limamin cocin Salzburg a 1781, ya koma Biyana yana neman na kansa ta hanyar koyarwa da shirya wasanni. Mai nazarin kiɗan Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin irin bambancin da ke tsakanin makaɗin fada kamar Ibrahim Narambaɗa da makaɗin jama'a kamar Mamman Shata ke nan. To amma a Turai, da fada ta ja baya, sai makarantar kiɗa da zauren saurare da gasa suka gaji matsayinta. Su ne suka zama masu ba da shaidar cewa wane ya isa.

Tango ya bi wata hanya dabam. Ya tsiro ne a ƙarshen ƙarni na 19 a unguwannin talakawa na Buenos Aires da Montebidiyo, inda kiɗan kandombe na zuriyar bayin Afirka ya gauraya da milonga da habanera da kaɗe-kaɗen baƙin da suka yi ƙaura daga Turai. Babban kayan kiɗansa shi ne bandoniyan, wata na'ura ce ta Jamus mai zugazugi a tsakiya, da maɓallai 71, wato 38 a dama da 33 a hagu. Yawancin maɓallan kowanne na ba da murya ɗaya in an ja zugazugin, wata daban in an matse shi. A shekarun 1940 babbar ƙungiyar tango kan ƙunshi bandoniyan wajen huɗu, da gogen Turawa wajen huɗu, da fiyano, da ƙaton goge mai kaurin murya, da mawaƙi ɗaya ko biyu. Abincinsu yana gidajen rawa da kulob-kulob na unguwa da gidajen rediyo da kamfanonin faifai. Alƙalinsu kuwa ƙafar mai rawa ce. Juan D'Arienzo ya yi kasuwa tun daga 1935 saboda ƙarfin bugunsa da saurinsa. Osvaldo Pugliese, wanda ya kafa tasa ƙungiya a 1939, ya gudanar da ita bisa tsarin gama kai, ana raba kuɗin da aka samu gwargwadon aikin kowa.

3.0 Koyon Sana'a

An haifi Piazzolla a garin Mar del Plata ranar 11 ga Maris, 1921, iyayensa 'yan asalin Italiya ne. Ya yi yawancin ƙuruciyarsa a Niyok, inda mahaifinsa ya saya masa bandoniyan a 1929. A can ne wani makaɗin fiyano ɗan Hangare, Bela Wilda, ya buɗe masa kunne ga kiɗan Bach. A can kuma ya haɗu da Carlos Gardel, mashahurin mawaƙin tango, har ya fito a matsayin yaro mai sayar da jarida a fim ɗinsa El día que me quieras na 1935. Gardel ya nemi ya tafi da yaron yawon wasa, mahaifin ya hana. A kan wannan tafiya ce Gardel ya rasu a haɗarin jirgin sama a Medellin ta Kolambiya, a watan Yunin 1935.

A 1939 Piazzolla ya shiga ƙungiyar Aníbal Troilo, ya zauna har 1944, yana kaɗa bandoniyan yana kuma tsara wa ƙungiyar kiɗa. Daga 1941 ya fara ɗaukar darasi wurin Alberto Ginastera, babban matsarin kiɗan kilasika na Ajantina, ya yi wajen shekara biyar. Wato da dare yana gidan rawa, da safe yana gaban malami. An sha ba da labarin yadda Troilo kan sa magogi ya share sassan da Piazzolla ya cika wa ado, don kada masu rawa su rikice. Masu yabon Piazzolla sukan kawo wannan a matsayin shaidar cewa an danne shi. Akwai wata fahimtar da ta fi wannan adalci: a hannun Troilo ya koyi jan murya da sakinta, da jinkirta bugu ba tare da kari ya ɓace ba, da sanin inda shiru ya fi sauti amfani. Babu makarantar da ke koyar da waɗannan a lokacin.

A 1946 ya kafa tasa ƙungiya, bayan 'yan shekaru ya rushe ta, ya karkata ga rubuta kiɗan kilasika da kiɗan finafinai. A 1953 aikinsa mai suna Buenos Aires ya ci gasar Fabien Sevitzky. Da aka kaɗa shi sai rikici ya tashi a cikin masu saurare, saboda ya shigar da bandoniyan biyu cikin babbar ƙungiyar kilasika. A lura da kyau: mutanen zauren saurare ma sun ƙyamace shi, ba mutanen dandalin rawa kaɗai ba.

4.0 Labarin Faris

A 1954 ya tafi Faris wurin Nadia Boulanger, malamar da ta koyar da Aaron Copland da wasu manyan matsara kiɗa. Yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, ya ɓoye mata cewa shi makaɗin tango ne. Ta duba rubuce-rubucensa ta ce tana ganin Stravinsky da Bartok da Ravel a ciki, ba ta ga mai su ba. Da ya kaɗa mata tangonsa Triunfal sai ta ce masa wannan ne nasa, kada ya bari.

Babu dalilin ƙaryata wannan labari. Abin da ake ja a kai shi ne nauyin da aka ɗora masa. Da farko, Triunfal ya riga tafiya Faris, haka ma Para lucirse da Prepárense, waɗanda sabon salon ya riga ya bayyana a cikinsu. Na biyu, zamansa da Boulanger bai cika shekara ba, alhali ya yi shekara biyar da Troilo, ya yi wajen biyar da Ginastera. Ashe ke nan abin da ya samo a Faris izini ne, wato yardar wata murya daga cibiyar kiɗan Turai cewa abin da ya tashi a ciki ba abin kunya ba ne. Cewa makaɗi mai shekara 33, wanda ya riga ya ƙware, yana bukatar irin wannan izini, shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai, domin yana nuna yadda aka jera sana'o'in biyu, ɗaya bisa ɗaya, a zukatan makaɗan kansu.

5.0 Rigima da Masu Rawa

Da ya dawo gida a 1955 sai ya kafa Octeto Buenos Aires, ƙungiyar mutum takwas da ta haɗa har da jita mai lantarki. Babu mawaƙi a tsarinta, kuma ba don rawa aka yi ta ba. Ya kuma ɗauki al'adar kaɗa bandoniyan a tsaye, ƙafa ɗaya bisa kujera, saɓanin zaman da aka saba. Masu riƙon gargajiya suka ce ya kashe tango. Shi kuma ya riƙa kiran abin da yake yi kiɗan Buenos Aires na zamani.

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan rawar ce ta riga kiɗan sauyawa. Daga ƙarshen shekarun 1950 matasa suka koma wa kiɗan rok na Amurka, gidajen rawa suka ragu, ɗaukar nauyin makaɗa goma sha wani abu ya yi wa masu shirya wasa tsada. Ƙananan ƙungiyoyi suka maye gurbin manya. A 1960 Horacio Salgán ya kafa Quinteto Real, a shekarar kuma Piazzolla ya kafa tasa ƙungiyar ta mutum biyar: bandoniyan, goge, fiyano, jita mai lantarki da ƙaton goge. Saboda haka ba shi ya rushe kasuwar ba. Amma kuma ba daidai ba ne a ɗauki masu sukarsa a matsayin jahilai. Mutumin da ya san tango a matsayin abin da ke haɗa unguwa a daren Asabar yana da hujja in ya ce kiɗan da aka hana wa ƙafa ya rasa wani abu nasa. Daɗin daɗawa, sabuwar hanyar ba ta ciyar da mai ita nan take ba. Zamansa a Niyok daga 1958 zuwa 1960 bai yi albarka ba. Bayan ciwon zuciya da ya same shi a 1973 ya koma Italiya, inda ya naɗi Libertango a 1974. Sai a 1983, yana da shekara 62, ya yi babban wasansa na kansa a Teatro Colón, gidan da ke alamta kiɗan kilasika a ƙasarsa.

6.0 Auna Ayyukan

In aka zo ga ayyukan kansu, waɗanda suka fi tsayuwa su ne na ƙungiyar mutum biyar. Adiós Nonino, wanda ya tsara a 1959 da ya sami labarin rasuwar mahaifinsa, ya ginu ne a kan wani tsohon tangonsa mai suna Nonino. Ya riƙe sashen farko mai tsalle da kaifi, ya liƙa masa wani dogon kari na makoki, sassan biyu suna karɓa-karɓa ba tare da ɗaya ya rinjayi ɗaya ba. Ilmin makaranta yana nan, amma ba ya ɗaga kai. Haka kuma Fuga y misterio, daga María de Buenos Aires da ya yi da marubuci Horacio Ferrer a 1968: ya fara da salon fuga irin na Bach, inda murya ɗaya ke shiga da kari, ta biyu ta biyo ta da shi, ta uku ta biyo, amma da zarar muryoyin sun gama shiga sai ya saki ƙa'idar ya koma bugun tango. Ya ari dabarar ne gwargwadon bukatarsa. Haka yake yi da rabon bugu takwas zuwa uku, uku, biyu, wanda tushensa ke cikin milonga.

Ayyukan da ya rubuta wa zauren saurare kuwa, irin su kiɗan bandoniyan da babbar ƙungiya na 1979, ba su kai waɗannan ba. A cikinsu ne rauninsa ya fi fitowa: yawan maimaita gajeren kari ana ɗaga shi mataki-mataki, da dogaro da tsari guda na sauri, sanyi, sauri. Abin da ke rufe wannan rauni a ƙaramar ƙungiya shi ne hannun makaɗan, domin makaɗin tango yana da dabarun da rubutu ba ya iya ɗauka duka: karce tsirkiyar goge a bayan jaki har ta yi kukan gyare, dukan jikin ƙaton goge kamar ganga, jan murya daga ƙasa a faɗo da ita kan bugu. Faifan Tango: Zero Hour na 1986, wanda ƙungiyarsa ta biyu ta mutum biyar ta naɗa, ya isa shaida.

Wannan ne ya sa karɓuwar da ya samu bayan rasuwarsa take bukatar a dube ta da hankali. Ya rubuta wa Mstislav Rostropovich Le Grand Tango a 1982, amma sai a 1990 wannan ya kaɗa shi. Bayan 1992 kuwa sai manyan makaɗan kilasika suka yi masa caa: Gidon Kremer ya fitar da faifai a 1996, Yo-Yo Ma a 1997, yau kuma ɗaliban makarantun kiɗa a ƙasashe da dama suna kaɗa Libertango da Oblivion. Waɗanda suka zauna da makaɗan tango suka koyi dabarun hannu sun yi abin kirki. Waɗanda suka tsaya ga takarda kaɗai sukan fito da kiɗa mai tsabta da santsi, wanda kaifinsa ya dushe, har mai saurare ya ji maimaicin nan a fili.

7.0 Kammalawa

An ga cewa sana'ar Piazzolla ba hawa ba ce daga ƙasƙantaccen kiɗa zuwa maɗaukaki. Makaɗi ne da ya koyi sana'o'i biyu a lokaci guda, kowacce da iyayen gidanta da alƙalanta, kuma kowanne ɓangare ya taɓa juya masa baya. Makarantar Turai ta ba shi dabarun saƙa muryoyi da ƙarfin hali, gidan rawa ya ba shi harshen da ya yi magana da shi. A 2009 hukumar UNESCO ta sa tango cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam da sunan Ajantina da Yurugwai, ta haɗa kiɗan da rawar da waƙar wuri guda. Mai nazarin da zai yi wa Piazzolla adalci sai ya saurari faya-fayan Troilo na 1941 zuwa 1944 kafin ya buɗe labarin Faris.