Hannun da ke sauraron kwatangwalo

A birnin Garwa, mai son gudu sai ya yi sammako. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka da an idar da sallar asuba za ka ga samari suna sassarfa a kewayen filin wasa na Roumdé Adjia, inda Najeriya ta ci Masar 1-0 a Janairun 2022. Wani rigar ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport yake mafarki, wani kakin soja. Ƙasa ta bushe ƙamas, takalmi ya cinye, kwatangwalo ke biyan bashin.

Idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an shafa man zafi, maɗori ya lalube ya ce ba gocewa ba ce, sai a tura yaro ya yi eko, wato abin da mutanen Kano ke kira sikanin. Wasu har dariya suke yi, wai ai wannan na masu juna biyu ne. Ba su yi laifi ba, domin likitan mata ne, Ian Donald na birnin Gilasgo, ya fito da martabar na'urar a 1958.

Aikinta amsa-kuwwa ne, irin dabarar jemage. Kan na'urar yana tura amon da kunne ba ya ji zuwa cikin nama, amon ya yi tafiyar kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya daki abu ya dawo. Ruwa ya fito baƙi a allo, fuskar ƙashi fara tas, lafiyayyar jijiya kamar zaren saƙa a jere. Kowa na iya haddace wannan a yini ɗaya.

Gwanintar tana hannu. Gwani ba ya farawa da na'ura, tambaya yake yi: "Samari, nuna min da yatsa ɗaya inda ke yi maka ciwo." Idan gefen ƙugu ne, ya nufi jijiyoyin tsokar ɗuwawu da ke manne a tudun ƙashin cinya. Idan matsematsi ne, ya leƙa gaban gaɓar ko ruwa ya taru. Ga kuma tarkon da ke kama ɗan koyo: da zarar hannu ya ɗan karkata, lafiyayyar jijiya sai ta yi duhu kamar wadda ta yage. Gwani sai ya murza wuyan hannu kaɗan. In duhun ya washe, ƙarya ce. In ya tsaya, akwai magana. Sannan ya koma ɗaya ƙafar ya gwada, tun da Allah ya ba kowa ma'auninsa a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hoton mai rai ne. Yaron da ke jin ƙas a ƙugu duk sanda ya ɗaga ƙafa, sai a ce masa ya ɗaga, idon likita na kan allo, a ga jijiyar ta yi tsalle ta tsallake ƙashi a daidai lokacin ƙarar. Hoton ƙashi na ekisire ba zai taɓa nuna wannan ba.

Sai dai amo ba ya ratsa ƙashi. Gudu mai yawa kan sa wuyan ƙashin cinya ya tsage a hankali, sikila kuma kan kashe kan ƙashin daga ciki, dukansu a bayan bangon da na'urar ba ta gani. Shi ya sa idan yaro ya ce ciwon na tashinsa da dare, ko ya kasa yin ɗan tsalle da ƙafa ɗaya, allo kuwa fes, gwani ba ya ce masa lafiya lau. Yakan goge masa man da ya shafa, ya rubuta takardar hoton MRI, ya ce: "Ka ajiye takalmin nan, ko sassarfa ban yarda ba sai ka dawo min da sakamako."