Twisters: Wa Ke Cin Ribar Guguwa?

A wata majalisa da ke Ƙofar Kaura muka kalli Twisters, fim ɗin Lee Isaac Chung na 2024, a waya, hadari na haɗowa daga gabas. Labarin masu bin guguwa ne da motoci a filayen Oklahoma ta Amurka, suna ɗaukar ta a bidiyo.

Hotunan sun ƙayatar, amma ƙarfin fim ɗin yana ga tambayarsa: wa ke cin ribar masifar wani? Kamfanin da ke da na'urorin zamani, ashe wani attajiri ne ke bayansa, yana sayen filayen waɗanda iska ta rushe wa gidaje da arha. Tyler kuwa, ɗan YouTube da muka ɗauka sakarai ne, mutanensa ke raba abinci.

Inda fim ɗin ya gaza, waɗanda ɓarnar ta shafa ba a ba su baki ba, ado ne kawai a bayan jarumai. Mu ma halinmu ke nan. Duk daminar da iska ta yaye rufin maƙwabci, wayoyinmu kan riga hannayenmu isa. Bidiyo na zaga WhatsApp, maigida na tsintar kwanonsa shi kaɗai.